Banda Aeron, wace kujerar aiki ce za ta riƙe bayan mutum a zafin nan namu?

Dan_Kurna_Dev:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kan kujerar aiki. Manhaja nake rubutawa daga gida, wuni nake a gaban kwamfuta, kujerar da nake kai kuma irin ta robar nan ce ta biki na ɗora mata filo, yanzu da an yi la'asar ƙuguna sai ya riƙe. Na ɗan tara abin da na tara na ce bari in sayi ta kirki sau ɗaya in huta. To duk wanda na tambaya cikin abokan aikina na waje, da duk bidiyon da na kalla a YouTube, amsa ɗaya ce, Aeron ta kamfanin Herman Miller. Na samu na zauna a kanta a ofishin wani abokina a Abuja, gaskiya an yi aiki a jikinta kuma iska na ratsa ta, amma ni mutum ne mai naɗe ƙafa ɗaya a ƙarƙashin cinya in ina aiki, ita kuma ragar mazauninta an zagaye ta da baki mai tauri, ba don irin wannan zaman aka yi ta ba. Ga kuɗi, sabuwa ta haura dala 1,000 nesa ba kusa ba tun kafin a zo maganar kawo ta Kano. Don Allah waɗanda suka yi amfani da wasu daban, me kuka gani? Ni ba dogo ba ne, ɗakin da nake aiki kuma fanka ce kawai.

Injiniya_KD:
Wa alaikumus salam. Malam nemi Steelcase Leap, wadda ake ce wa V2. Ita nake kai shekara da shekaru, ta gwanjo na saya kuma har yau ba abin da na canza mata sai tayoyi. Leap ta fara fitowa 1999, V2 ɗin ta zo 2006, don haka sun cika ofisoshin Amurka da Ingila kuma suna shigowa a kwantenar kayan ofis. Abin da ya sa na ce ita, mazauninta soso ne shimfiɗaɗɗe ba baki mai tauri, ka naɗe ƙafarka yadda kake so, kuma ana jan mazaunin gaba ko baya ya yi daidai da tsawon cinyarka, abin da Aeron ba ta da shi kenan. In ka jingina baya mazaunin na ɗan zamewa gaba da kai, sai ka ga hannunka bai yi nisa da kibod ba. Akwai kuma wani abin murɗawa a gefen dama da ke ƙara ko rage taurin wajen ƙugu. Illarta ɗaya da kowa ke faɗa, sosonta siriri ne, mai nauyi sosai zai iya jin ƙasan in ta tsufa.

Bakatsine92:
Ni fa ban yarda a yi saurin ture Aeron ba. Yawancin masu cewa ba ta musu ba, girman da bai dace da su ba suka hau. Kala uku take zuwa, A ƙarama, B matsakaiciya, C babba, kuma kusan duk wadda ke ofisoshi B ce. Ɗan Kurna ka san wacce ka zauna a kai? Sa yatsa a ƙarƙashin leɓen majinginar daga can sama ta baya za ka ji ɗigo-ɗigo, ɗaya A, biyu B, uku C. Kujerar da ke kasuwa tun 1994 ana ta saya ba a banza ba ne, kuma a watan Afrilu da Kano ke haura digiri 40 wlh ba abin da ya kai raga.

Dan_Kurna_Dev:
Bakatsine ban duba ɗigon ba amma mai ita dogo ne sosai, zai iya yiwuwa C ce. Sai dai ko A ce ai bakin nan yana nan ko?

Bakatsine92:
Yana nan kam, wannan ba makawa. In dai naɗe ƙafa dole ne a wajenka to ka fi ni gaskiya a nan.

Fisiyo_Zariya:
Bari in sa baki ta ɓangarenmu na masu gashin ƙashi a asibiti. Masu zuwa mana da ciwon baya da wuya da yawansu ma'aikatan banki ne da masu kwamfuta da teloli, kuma abin da nake fara tambaya ba sunan kujera ba ne. Ɗan Kurna kafin ka kashe ko sisi ɗauko tef ɗin awo. Zauna ƙafarka a ƙasa, a auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwarka, wannan shi ne tsayin da mazauni ya kamata ya iya saukowa. Sannan a auna daga bayan mazaunanka zuwa bayan gwiwa, ka cire faɗin yatsu biyu zuwa uku, wannan shi ne zurfin mazaunin da ya dace da kai. In mazauni ya yi maka zurfi abu biyu ne zai faru, ko bakinsa ya riƙa danne maka bayan gwiwa, ko ka zamo gaba ka bar majinginar, shi kenan tudun da aka yi don ya tokare ƙugu ya tashi a banza komai tsadarsa. Ai ba ka kai wa tela shadda ka ce ya ɗinka ba tare da ya auna ka ba.

Na biyu, gwiwar hannu ta sauka kan hannun kujera ba tare da kafaɗa ta ɗage ba, saman allon kwamfuta kuma ya yi daidai da idonka. Mai laftof zalla ba zai taɓa samun duka biyun ba sai ya ɗora ta kan wani abu ya sayi kibod da maus daban.

Naɗe ƙafar da ka ce ma ka lura da shi, sau da yawa mutum na yin haka ne don kujera ta yi masa tsayi ƙafarsa ba ta samu ƙasa sosai ba, jiki ke neman inda zai dogara.

Maman_Afnan:
Likita Allah ya saka da alheri, wannan na ƙarshen da ka faɗa ni ce. Aikin lissafi nake yi wa wasu 'yan kasuwa daga gida, kuma duk kujerar da na gwada a shago in na sauke ta ƙafata ta taɓa ƙasa sai tebur ya koma min kusan ƙirji, in na ɗaga ta kuma ƙafa na reto. Teburan nan yawanci santimita 73 zuwa 75 ake yin su, na dogayen maza ne. Kafinta na sa ya yi min ɗan akwatin katako na ɗora ƙafa, wlh ya fi min canjin kujerar amfani. Wani abu kuma da maza ba za su kawo ba, tayoyi na cin hijabi da bakin zani, in na juya sai in ji an fizge ni ta wuya, sai da na koma tattare shi a cinya kafin in zauna. Duk mace da za ta saya ta duba tayar, wadda ke da rata babba tsakanin ƙafafunta biyu ta fi kama kaya.

Injiniya_KD:
Hajiya akwai maganin wannan, tayoyin roba masu ƙwaya ɗaya irin na takalmin gudun yara, su na sa wa tawa. Ba su cika kama zare ba kuma ba sa ƙara a kan tayil. Sandar da ke shiga ƙafar kujera yawanci milimita 11 ce, fizgo tsohuwar kawai za ki yi ki danna sabuwa, na IKEA ne kawai na sani 10. Sai dai suna ɗan ƙara wa kujera tsayi, ke da ke fama da tsayi ki sa wannan a lissafi.

Sniper_Gwale:
Ni dai kujerar 'yan gem nake kai kuma lafiya lau, tana kwanciya har ƙasa ga filon wuya ga na ƙugu, ga kyau a bidiyo. Me ya sa ba wanda ya ambace ta?

Mai_Zane_Jos:
Ƙanina shekararka nawa da ita? Na yi irinta, wata mara suna da na saya a wani shago, ledar da suke kira fata ta fara ɓarewa kafin ta zagayo shekara, kana tashi ka ga baƙin ɓarɓashi a bayan kaftani, a Jos ma kenan da ba zafi. An kwaikwayi kujerar motar tsere ne, fukafukan gefen nan aikinsu su riƙe direba in ya sha kwana, kai da ke zaune gaban tebur matse maka cinya da kafaɗa kawai za su yi. Ga Ɗan Kurna mai naɗe ƙafa kuwa ita ce ta ƙarshe da zai duba.

Sniper_Gwale:
Tawa ba ta fara ɓarewa ba tukuna. Amma zufa kam akwai, tawul nake shimfiɗawa.

Alhajin_Guangzhou:
Jama'a ku yi haƙuri, manyan sunayen nan na Michigan ne, Herman Miller da Steelcase da Haworth duk jiha ɗaya suke a Amurka, kuma ba da albashinmu aka yanka musu farashi ba. Ni ina zuwa Chana sayo kaya, na shiga kasuwar kayan ɗaki ta Lecong a Foshan, kwana za ka yi kana tafiya ba ka gama ta ba, akwai kuma Anji a lardin Zhejiang, gari ne guda da kujera ce sana'arsa. Abin da mutanenmu ba su gane ba, Chana ba ta da laifi, ɗan kasuwa ne ke zuwa ya ce a yi masa mafi araha, a rage kaurin ƙarfe a sa soson da aka yanka maimakon wanda aka zuba a mazubi, a sa gas, wato sandar da ke ɗaga kujera, mafi ƙanƙanta, ya kawo nan ya kira ta ta manyan ma'aikata. A masana'anta ɗaya in ka biya za a yi maka mai kyau.

Masu suna a cikinsu akwai Sihoo, M57 ɗinsu raga ce sama da ƙasa, M18 kuma bayanta raga mazauninta soso, ita ce ma nake ga ta dace da mai tambaya, bayansa ya sha iska ƙafarsa ta samu wajen naɗewa. Akwai Ergohuman ita ma ta daɗe a kasuwa amma ta fi tsada. Da kuɗin Aeron ɗaya sai ka sayi irin waɗannan da yawa har ka gyara tebur ka sayi monita. Abin da ke cin kuɗi wajen kawowa girman kwali ne ba nauyi ba, don haka a kwance ake turo ta kai ka haɗa.

Injiniya_KD:
Alhaji ban musa ba akwai masu kyau, amma tambayar ita ce bayan shekara 5 wacce za ta rage a tsaye? Araha ba ta ado. Tawa da na saya an riga an more ta a wani ofis kafin ta iso ni, takardar da ke manne a ƙarƙashinta ta nuna shekarar da aka ƙera ta, kuma har yau ba ta ko ƙara. Sannan M18 ɗin nan ana jan mazauninta gaba da baya? In ba a ja to mun koma matsalar da Likita ya faɗa.

Alhajin_Guangzhou:
Injiniya ranka ya daɗe kai ka dace da mai kyau ne. Nawa ne suka sayi gwanjon da sosonta ya mutu, hannunta ya tsage, ba garanti ba kowa? Garantin shekara 12 da Herman Miller ke bayarwa na wanda ya saya sabuwa ne a hannun dillalinsu, ba ya bin kujera zuwa hannu na biyu, balle ta tsallako teku a kwantena. Maganar jan mazauni kuma gaskiyarka, ƙananan ba su da shi, shi ya sa awon da Likita ya ce ya zama dole, a tambayi mai sayarwa zurfin mazaunin da santimita kafin a tura kuɗi.

Usta_Panteka:
Salamu alaikum. Ni gyaran kujerun ofis na cikin abin da nake ci da shi a Kaduna, bari in gaya muku abin da ake kawo mana. Na farko gas, wato sandar nan da ke ɗaga kujera, mutum na zaune sai ya ga yana nitsewa a hankali. Na biyu ƙafafun nan biyar in na roba ne mara kyau, wajen da taya ke shiga ya fashe. Na uku farantin ƙarfen da ke ƙarƙashin mazauni, walda ta saki kujera ta karkace gefe guda, wannan shi ne mai lalata bayan mutum bai sani ba don kullum a karkace yake zaune. Na huɗu hannu.

Gas da taya da ƙafafu kusan duk awo ɗaya ne a yawancin kujeru, ana samu a canza. Ku duba jikin gas ɗin akwai lamba a buge, in an samu mai aji 4 ya fi, na kamfanin Samhongsa na Koriya ko Stabilus na Jamus in aka dace da na asali suna daɗewa. Soso ma ba matsala, mai kushin zai sake maka shi ya sa yadi. Amma raga in ta yage ko ta saki, a nan gizo ke saƙar, don da inji ake ɗaure ta a jikin firam, mu ba mu da yadda za mu mayar da ita kamar da, sai dai a sayo mazaunin gaba ɗaya daga waje. Saboda haka ni in za a bi tawa, wanda ke nesa da kayan gyara ya ɗauki mai mazaunin soso.

Ummu_Sudais:
Usta tawa ce ke nitsewar nan, wani ya ce a huda sandar a ƙara mata iska, haka ne?

Usta_Panteka:
A'a Hajiya don Allah kar a huda kar kuma a kai ta kusa da wuta ko walda, iskar naitirojin ce a matse a ciki, tana iya raunata mutum. Ba a cika ta, canzawa ake. A kifa kujerar, a buge ƙafafun da guduma su fita, a kama sandar da babbar sifana ta masu famfo a murɗa. In ta ƙi a zuba mai a bar ta ta kwana.

Dan_Maradi:
Sannunku da hira. Mu nan wajenmu sababbin na biro, wato ofis, kusan duk na Chana da Dubai ne, masu sunan nan sai in wata ƙungiya ta waje ta tashi ta saida kayanta a Yamai, nan ne ake dacewa, amma kafin ka ji labari ma'aikatan wurin sun rabe su. Tun da kaya suka koma biyowa ta Lome komai ya ƙara kuɗi. Abin da nike so in ƙara shi ne ƙura. Lokacin hunturu raga tana shan ƙura amma ana kakkaɓewa a goge da tsumma mai ruwa, soso kuwa haɗiye ta yake, ka buga shi ka ga hayaƙi ya tashi. Mai asma ya yi tunani a nan.

Malam_Leeds:
Ina Ingila, kuma nan tun bayan korona da kamfanoni suka rage ofisoshi kujerun nan suka cika kasuwar na hannu, akwai masu sana'ar saye su wanke su canza soso da gas su sayar. Saboda haka na samu zama a kan da yawa. Ɗan Kurna ga abin da na gani.

Steelcase Gesture, ta 2013, hannuwanta ne abin kallo, suna juyawa kusan duk inda hannunka ya je, don sun yi ta ne bayan sun duba yadda mutum 2,000 a ƙasashe 11 ke zama da waya da tablet. In kana yawan riƙe waya kana gwada manhaja za ka ji daɗinta, sai dai nauyi gare ta sosai kuma ta fi Leap tsada. Amia ƙanwar Leap ce, ba ta da tarkace da yawa, mazauninta ya fi laushi a wajena kuma a gwanjo ta fi araha don ba a san ta ba, ni ita zan ce ka sa wa ido. Haworth Fern bayanta dogo ne mai lanƙwasa yana bin ka in ka juya, Zody ɗinsu kuma ana saita tokarin ƙugu na dama daban na hagu daban. A gidan Herman Miller ɗin ma ai ba Aeron kaɗai ba ce, akwai Embody ta 2008 mai faffaɗan mazauni da ake ƙara masa tsawo, masu naɗe ƙafa na yabonta amma kuɗinta ya fi na Aeron ma, akwai Sayl ta 2010 mai bayan roba kamar saƙa da mazaunin soso, ƙarama ce ta dace da marasa tsayi kuma iska na wucewa ta baya.

Wadda ban ba ka shawara ka saya ba tare da ka zauna ba ita ce Humanscale Freedom. Ba ta da abin saita taurin jingina, nauyin jikinka ne ke yi, wasu na sonta kamar me wasu kuma ba sa jituwa da ita ko kaɗan.

Bakatsine92:
Malam Leeds ka manta Mirra 2, ita ma raga ce a ƙasa kuma bakin mazauninta na gaba ana lanƙwasa shi a rage zurfi. Ni har yanzu ina kan bakana, duk mai cewa soso bai yi aiki a ɗakin da ba wuta a watan azumin da ya faɗo cikin bazara ba.

Mai_Zane_Jos:
Bakatsine raga ma fa tana da nata. Wata mai kaushi da na yi amfani da ita a wajen aiki ta cinye min bayan wando, shadda kuma tana kashe mata ƙyalli a wajen zama. Hannun kujera mai siffar T shi ma yana kama aljihun gefe na kaftani in za ka tashi da sauri, na ga wanda nasa ya yage har ƙasa. Masu ƙera su da wando da shat suka gwada, ba da manyan kaya ba.

Baba_Mai_Allo:
'Ya'yana ina karanta ku tun ɗazu. Ni aikin fassara da gyaran rubutu nake yi kuma na girme ku duka ina jin. Iyayenmu malamai sun yi rubutu shekaru a kan buzu da tabarma, ni ma rabin aikina a ƙasa nake yi da ɗan gajeren tebur, in na gaji in koma kujera, in na gaji in miƙe in ɗora kwamfutar a kan kabad. Ban ce kowa ya yi haka ba, mai ciwon gwiwa ba zai iya ba. Amma yaron nan ya ce jikinsa naɗe ƙafa yake so, to me zai hana ya raba wunin, ya sayi matsakaiciyar kujera ya kuma yi wajen zama a ƙasa?

Fisiyo_Zariya:
Baba Allah ya ƙara girma, abin da ka faɗa na canza zama shi ne muke ta fama mutane su gane. Babu zama ɗaya da ya dace a yi awa 8 a cikinsa ko da a kan wace kujera ce. A tashi duk bayan kamar minti 30 ko da ruwa za a sha. Mu ma Allah ya taimake mu da salla, azahar da la'asar na tada mutum dole, amma tsakanin safe da azahar ɗin nan ne ake yin ɓarnar. Akwai ma kujerar da aka yi kan wannan tunanin, HÅG Capisco ta ƙasar Nowe, Peter Opsvik ya zana ta 1984, mazauninta kamar sirdi, ana zama ta gaba ko ta gefe ko a juya a rungumi majinginar. Tana son tebur mai tsayi dai.

Sannan Ɗan Kurna, kujera ba magani ba ce. In ciwon na sauka ta ɗuwawu zuwa ƙafa, ko kana jin dindiris ko ƙafa ta yi rauni, kar ka tsaya jiran kwantena, je a duba ka, ga asibitin ƙashi na Dala nan kusa da kai. In har ta kai mutum ya kasa riƙe fitsari to wannan na gaggawa ne a ranar.

Dan_Kurna_Dev:
Na gode Likita, alhamdulillah bai sauka ƙafa ba, riƙewa ce kawai a ƙugu kuma in na yi tafiya tana saki. Baba na ji shawararka kuma zan gwada, akwai kafet a ɗakin.

Takari_Riyadh:
Ba wanda ya ambaci Markus ta IKEA sai Injiniya da ya taɓo tayarta. Nan Saudiyya ita ce ta kowa, garantin shekara 10, bayanta raga dogo har kai, kuma a shafin saye da sayarwa na Haraj ana samunta ta hannu da sauƙi. Masu dawowa gida na iya kwance ta su sa a kago.

Maman_Afnan:
Na zauna a kan irinta a gidan yayata. Ta dogaye ce gaskiya, mazaunin da zurfi kuma hannuwan ba sa motsi ko kaɗan, in ba su shiga ƙarƙashin teburinka ba sai dai ka kwance su. Shi da ya ce ba dogo ba ne ban ga ta yi masa ba.

Takari_Riyadh:
Eh hannun kam a kafe yake. Ni ina da tsayi shi ya sa ban damu ba.

Zongo_Kumasi:
Tambaya ni ma, abin jingina kai ɗin nan dole ne? Nan Kumasi duk mai sayarwa da shi yake ƙara kuɗi.

Malam_Leeds:
Ba dole ba ne in aikinka bugu ne kana fuskantar allo, kanka ba ya ma taɓa shi. Yana amfani in kana kwantawa baya kana karatu ko kallon taro. Mara kyau kuma tura kai yake gaba, gara babu. Aeron ɗin ma ai Herman Miller ba su yi mata ba, wasu kamfanoni ne daban ke yi ana ɗaurawa.

Dan_Kurna_Dev:
To na yi awon da Likita ya ce, kuma na gane teburina ma ya yi min tsayi, don haka akwatin Maman Afnan zan fara sa kafinta ya yi. Kujera kuma yanzu tsakanin Leap ko Amia ta gwanjo nake, in ban samu mai lafiya ba in koma M18 ɗin Alhaji. Na ga wasu a Jiji da Facebook, yawanci Legas da Abuja. Me zan duba kar a sayar min da gawa?

Injiniya_KD:
Kar ka tura kuɗi kan hoto. In Abuja ce ka je da kanka ko ka tura wanda ya kai girmanka, ka zaga har kasuwar kayan ɗaki ta Kugbo ka zauna a kan iri-iri ko ba za ka saya a can ba. Kifa ta ka ga takardar kamfani da shekarar ƙira. Ɗaga ta sama ka zauna minti 10 ka ga ko za ta sauka. Ja mazaunin gaba da baya ka ji yana kamawa a kowane mataki. Jingina da ƙarfi ka saurari ƙara. Danna soson da babban yatsa a tsakiya, in ka ji roba a ƙasa ka rage kuɗin mai kushin a ciniki. Ka tabbata V2 ce, V1 ma tana da ƙarfi amma ta fi tsufa da nauyi kuma kayanta ba sa shiga na V2.

Usta_Panteka:
Ƙari kan na Injiniya, duba ƙarƙashi ko akwai sabuwar walda ko noti da bai yi kama da sauran ba. Ana haɗa kujera ɗaya daga gawa biyu a fesa mata baƙin fenti. Ba laifi ba ne in an gaya maka, amma kuɗin ya bambanta.

Alhajin_Guangzhou:
Ni dai ina nan a kan sabuwa. Amma in ka tashi yin oda ka bari mu haɗa da wasu, kwali ɗaya shi kaɗai a jirgin ruwa ba ya yin arha, kuma ka sa a ƙaro maka gas ɗaya da saitin taya a ciki.

Bakatsine92:
Kafin ka yanke dai ka nemi Aeron A ko B ka zauna, da akwatin ƙafar a ƙasa. In maganar Likita ta tabbata cewa tsayi ne ke sa ka naɗe ƙafa, wataƙila ka daina naɗewar gaba ɗaya, lissafin kuma ya canza.

Ummu_Sudais:
Alhaji in za ku haɗa odar a sa da ni, gas biyu nake so masu aji 4. Usta tsawonsu ɗaya ne duka ko sai na auna tawa?

Usta_Panteka:
Kaurin ne kusan ɗaya, tsawo yana bambanta Hajiya. Cire tsohuwar ki auna baƙin bututun daga sama zuwa ƙasa ki turo wa Alhaji, in kuma kina son kujerar ta ƙara sauka ki ce a ba ki gajere.